Ranar da Aka Buɗe Tanon Yaya

Ina aji na uku a kwalej yayata ta tafi karatu wata ƙasa da sai an hau jirgi biyu kafin a kai. Ta bar mini gadonta na kusa da taga, wanda har yau ban kwana a kai ba, ta kuma bar mini shuɗin tanon da ke bayan madafarmu. Tano ne irin na roba da ake tara ruwa a ciki, tsawonsa ya kai ƙirjina, sai dai shi murfinsa na ƙarfe ne, an ɗaure shi da noti takwas. Na san adadinsu domin kowace safiya kafin in tafi lakwal, wato makaranta, sai na bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

Gidanmu a unguwar Zariya yake, nan Maradi. Baba gyaran injin ban ruwa yake yi, kuma ba a rasa sa ɗaya ko biyu na kiwo a garkarmu. Tun Yaya tana jami'a ita da Baba suka haƙa rami a bayan gida, magini ya rufe shi ruf, aka bar masa baki ɗaya na zubawa da ɗaya na fitarwa. Inna ce ta sa masa suna tumbi, sunan kuwa ya bi shi, don aikin tumbi yake yi. A dama kashin shanu da ruwa a zuba masa, ya narka shi a cikin duhu, ya yi gyatsa. Gyatsar ita ce gas. Tana bin tiyo ta taru a cikin robar cikin tayar babbar mota guda uku da muka jera a inuwa, su kumbura kamar an hura su.

Da gas ɗin Inna ke dafa shayi da miya, ba ta da ƙorafi. Ƙorafin na grup ne, ƙaramin injin wutar da Baba ya juya masa hanci ya koma shan gas maimakon mai. In an tada shi sai ya yi ta tari kamar tsohon da ya shaƙi hayaƙin barkono, fitila ta yi ja, ta yi fari, ta sake yin ja, can ya mutu.

Wata ranar Lahadi Yaya ta kifa turmi ta zauna a kai, ta ce in zo in ji.

"Gas ɗin ga mutum biyu ne, Auta. Ɗaya sunanshi metan, shi ke kama wuta. Ɗayar kuwa iskar nan ce da ni da ke muke fitarwa in mun yi numfashi. Ba ta ci, ba ta ƙonewa, ƴar rakiya ce kawai, ta cika wuri ta hana injin ƙoshi. Wasu wanke ta suke yi su zubar. Ni ba ni zubar da ita. Aiki zan ba ta."

Aikin kuwa a cikin tanon ake yin sa. Akwai pano biyu a kan rufin kwano masu ɗaukar hasken rana. Wutarsu na shiga wani ƙaramin akwati mai ruwa, ta raba ruwan, wata iska mara nauyi da Yaya ke kira idrojen ta fito. Idrojen ɗin da gas ɗin tumbi su haɗu su shiga tanon ta ƙasa. Cikin tanon cike yake da tsingaro, fasassun tukwanen ƙasa da muka yi wata guda muna tsinta a bola da gidajen maƙwabta, mutane na kallonmu. A jikin tsingaron wasu ƙwayoyin halitta ke zaune, ido ba ya ganinsu. Su ke haɗiye ƴar rakiyar tare da idrojen, su fitar da metan da ɗan ruwa. Gas ɗin da ya fito ta sama ya riga ya yi ƙarfi, grup ya sha ya yi shiru da tari.

Yaya ba ta kiransu da sunansu na littafi. Bisashena take cewa. Ta samo na farko daga abin cikin tumbin saniya a mahauta, sau uku suna mutuwa tana sake farawa, kuma sai da ta shekara biyu tana lallaɓa su kafin su saba da tanon su yi yawa. Dokarsu ɗaya ce, ta maimaita mini ita har na haddace: iskar da ke rayar da mu ita ce ajalinsu. Ko da wasa kada a buɗe murfin.

Ta koya mini yadda ake tambayar lafiyarsu. Akwai wani babban sirinji mara allura mai layi goma. Sai in zuƙi gas har layi na goma, in zuƙi ɗan ruwan soda irin ta masu yin sabulu, in toshe bakin da yatsa cikin leda, in girgiza. Sodar na shanye ƴar rakiya, sandar sirinjin ta ja baya da kanta. Gas ɗin tumbi a layi na shida yake tsayawa. Na tanon Yaya kuwa a tara yake tsayawa, wani lokaci har da ɗan ɗoriya.

Ranar tafiyarta, a tashar motar Yamai, kowa ya yi mata addu'a da nasiha. Ni na tsaya riƙe da jakarta ta hannu. Da za ta hau sai ta karɓi jakar, ta ja kunnena kaɗan.

"Ki riƙe mini su har in dawo. Da su zan gina babba."

Ita wataƙila magana ce ta faɗa don kada in yi kuka. Ni kuwa na ɗauke ta da nauyinta. Na sa a raina cewa muddin suna raye, Yaya na da abin da za ta dawo ta tarar, kuma mutum ba ya barin bisashensa a hannun wani har abada.

Watannin farko duk a bayan madafa na yi su. Da safe in dama bokiti biyu in zuba wa tumbi, in goge ƙurar pano, in duba ƙaramin famfon da ke yayyafa ruwa a kan tsingaron daga ciki. Kowane tiyo Yaya ta naɗa masa farar leda ta rubuta inda ya fito da inda za shi. Rubutunta kwance yake, kamar harufan na sauri za su wani wuri. Rana ta fara cinye tawadar, sai na riƙa bin sawun rubutun da bik ɗina, alƙalamin da nake rubutu da shi a aji, a hankali don kada ya ɓace, ina ƙoƙarin kada in miƙar da harufan. In na kara kunne a jikin tanon ina jin ruwa na ɗiga, ɗis, ɗis, jikin robar da ɗumi kamar cikin akuya. Nan nake cin abincina in na dawo daga lakwal. Inna ta gaji da yi mini magana ta bari.

Kowace Lahadi bayan la'asar Yaya ke kira a wayar Inna. Ta gaisa da kowa, a ƙarshe a miƙo mini. Ba mu da doguwar hira ni da ita a waya.

"Nawa?"

"Tara."

"Madalla da makiyayiya."

Wannan kalmar nake ɗauka in yi mako guda da ita.

Da bazara ta shigo, wutar gari ta yi wuya, sai a wuni ba a kawo ba. Baba kan tada grup bayan azahar, fanka ta juya a rumfa, firij ya yi sanyi. Matan maƙwabta su shigo da tsintar shinkafarsu su zauna, su ce sun zo shan iskar kashin shanu. Labari ya yi ta tafiya har ya kai Tsibiri, wurin kakana mahaifin Inna.

Kaka manomin gero ne, dogo, mai ƙaramin gemu da yake murzawa in zai tsokani mutum. Duk jikokinsa mata matansa ne a wasa, kuma Yaya ce ta fi iya masa. Tana fizge masa hula, ta ce ba ta zama da mijin da haƙoransa ba su cika ba, ya ce ai ita ta cinye su a tuwo. Ni amarya yake ce mini. In ya tsokane ni murmushi kawai nake yi in sunkuyar da kai. Amsar takan zo mini daga baya, ina wanke kwanoni, bayan ya kai gida.

Ranar wata Juma'a da hantsi ya iso, ba mu da darasi. Baba ya cire takalmi tun daga bakin zaure, ya durƙusa ya gaishe shi, idonsa a ƙasa. Tunda nake ban taɓa ganin Baba ya ci abinci a gaban Kaka ba, ko ya ɗaga murya, ko ya ce masa a'a. Inna kuma ɗiyarsa ce ta fari, ko sunanta ba ya kamawa, ita ma daga bakin ƙofa take gaishe shi ta koma. Na kawo masa ruwa a kwanon sha. Ya sha, ya dube ni.

"Amarya, an ce uwargidanki ta tahi ta bar miki garke. Ni da nike mijinku ba a nuna mini ba. Ina bisashen?"

Na nuna bayan madafa da hannu. Ya tashi, Baba ya bi shi, ni ma na bi su riƙe da kwanon.

Baba ya nuna masa tumbi da robobin taya da pano, yana bayani a hankali. Kaka na gyaɗa kai. Da aka zo kan tanon ya ƙwanƙwasa shi da sandarsa, ya kara kunne.

"Ciki suke?"

"Ciki suke, Baba."

"Su nawa?"

"Ba su ƙirguwa, Baba. Ido ma ba ya ganinsu."

"A'a. Shekarata nawa ina kiwo, ban taɓa jin bisar da ido ba ya gani ba. Ko ƙuma ana ganinta. Buɗe mini in gani."

Baba ya san dokar. Da hannunsa ya yanka robar da ke ƙarƙashin murfin, shi ya ɗaure notin takwas. Ya shafa ƙeya, ya ce, "Wato, Baba, ita yarinyar ta ce..." Sai ya yi shiru, domin ƙarshen maganar shi ne a'a, kuma ba ya iya kai ta can. Ya sa hannu a aljihu ya ciro kile, abin kwance noti, ya riƙe shi bai ɗora ba. Sannan ya juyo ya dube ni.

Na gane kallon sarai. A duk gidan ni kaɗai ce ke da izinin cewa, kai tsoho, kauce, ba a buɗewa. Da na faɗa dariya zai yi, ya ce amarya ta yi rowa, a wuce wurin. Da Yaya ce da tuni ta ƙwace sandar ta kore shi. Maganar ta zo mini har maƙogwaro, na ji ta da kalmominta duka. Na dubi ruwan da ya rage a kwanon, wani ɗan hakin ciyawa na yawo a kai. Ban ɗago ba sai da na ji ƙarar noti na farko.

Da murfin ya tashi wani wari mai ɗumi ya bugo mu. Kaka ya leƙa. Tsingaron sun yi baƙi, suna sheƙi da wani yauƙi kamar na kuɓewa. Ya sa hannu ya ɗauko ɗaya, ya juya shi a rana, ya shinshina.

"Wanga ai bakin tulu ne. Yaran zamani! An tara fasassun tukwane an ce garke." Ya mayar, ya goge hannu a bango. "Ku bar su su sha iska, wuri ya yi zahi. Ko bisa ce ai ta gaji da ƙunci."

Don tausayi ya faɗa. Daga nan aka kira sallar farko, suka yi alwala suka tafi masallacin Juma'a tare, kilen na aljihun Baba. Na ɗora murfin da kaina, na ɗora turmi a kai, na zauna a kan turmin. Amma ba noti, ina jin iskar na shiga ta gefe. Bayan masallaci Kaka ya biya gaishe-gaishe, Baba na rakiyarsa. Sai bayan la'asar aka ɗaure murfin. Baba ne ya ɗaure shi. Yana ɗaurewa yana huci, kamar notin ne suka yi masa laifi.

Washegari sirinji ya tsaya a bakwai. Na ce wataƙila hannuna ne, na sake. Bakwai. Bayan kwana uku ya koma shida, daidai da gas ɗin da bai shiga tanon ba. Grup ya dawo da tarinsa, matan maƙwabta suka daina shigowa. Ruwa na ɗiga a ciki kamar kullum, amma ɗumin jikin robar ya tafi, sai zafin rana kawai.

Lahadin farko da Yaya ta ce nawa, na ce tara. Ban taɓa yi mata ƙarya ba sai ranar. Ta ce madalla da makiyayiya, na miƙa wa Inna wayar na shiga banɗaki na daɗe. Lahadi ta biyu ban iya ba.

"Shida."

"Shida? Duba tiyon idrojen, wataƙila ya..."

"An buɗe."

Ina jin wata mota na wucewa a can ƙasar da take, ƙarar tayoyi a kan jiƙaƙƙen titi.

"Wa ya buɗe?"

"Baba. Kaka ne ya ce yana son ya gani."

Ta yi ƴar gajeriyar dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba. "Baba ba ya iya hana shi, na sani. Ke kina ina?"

"Ina wurin."

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce shekara biyu, a hankali, ba da ni take ba. Can ta ja numfashi ta ce waɗancan sun tafi, sai dai a sake farawa. Ta ce a samo abin cikin tumbi daga mahauta, wannan Baba zai iya. Amma in ana so su kama da wuri, a haɗa da baƙar laka ta ƙarƙashin ruwan da ba ya ƙafewa, inda in an soka sanda kumfa ke tasowa. Ta ce ta ji akwai irin wurin a Jiratawa, wajen ƙarshen magudanar ruwan gonaki, sai dai ba ta san daidai ina ba.

"Kaka ya sani," in ji ta. "Ya yi noman rani a can yana saurayi. Amma kin san ba mai iya tambayarsa."

Gaskiya ta faɗa. In Baba ya tambaye shi, ya gaya wa surukinsa ke nan cewa ya yi ɓarna. Inna kuwa ko ruwan sha ba ta iya roƙonsa baki da baki.

Ranar Asabar Inna ta aike ni Tsibiri da ƙullin magani na kakata mace. Ina jin da gangan ta yi, don ba ta taɓa aikena ni kaɗai ba. Duk hanya ina cikin mota ina shirya magana, ina rushewa. Na tarar da Kaka a gindin bedi a ƙofar gida, yana tufkar igiya, ya maƙale bakinta a babban yatsan ƙafa.

"A'a, amarya da kanta! Yaji kika ƙare, ko kewata ta kawo ki?"

Na durƙusa na gaishe shi. Na kai ƙullin ciki, na fito, na tsaya. Na kafa ido a kan igiyar, na ce da ita:

"Tsoho, ka kashe mini garke."

Hannunsa ya tsaya. Muryar da ta fito daga bakina ba irin ta wasa ba ce, ta yi rawa a ƙarshe, amma ta fito.

"Mi kika ce?"

"Ranar da ka sa aka buɗe. Iska ke kashe su. Sun mutu duka." Sai na ji sauran ta biyo da kanta. "Miji ya zo gidan amarya bai kawo ko goro ba, ya kashe mata bisashe ya tahi."

Ya saki igiyar ta warware.

"Ubanki ya sani, ranar?"

"Ya sani."

"Ya sani ya buɗe." Ya murza gemu, amma ba irin murzawar tsokana ba. "Ke kuma kina tsaye da baki kamar na tulu. Ai ke ce mai hana ni, ƴar nema. In ba ki hana ni ba wa zai hana ni a gidan nan?" Ya girgiza kai. "To. Wanda ya kashe shi ke ramawa. Ina ake sayen irinsu?"

Na gaya masa abin da Yaya ta ce. Tun ban ƙarasa ba ya ɗaga hannu.

"Na san wurin. Gobe da sahe ki shirya. Kada ubanki ya biyo mu, kunya za ta kashe shi a hanya in rasa mai gyara mini inji."

Da hantsi muka sauka a Jiratawa, ni da shi da bido biyu, jarkokin mai da na wanke tas. Ban taɓa ganin kore mai yawa haka a tsakiyar bazara ba. Zogale jere-jere an aske masa kai, tattasai, masara, ruwa na gudu a ƙananan hanyoyin siminti. Kaka na tafe yana gaisawa da mutane, duk wanda ya tambaya sai ya ce amarya ce ta sa shi aikin gayya. Muka wuce gonakin har inda ragowar ruwan ke taruwa a wani kwari mai kainuwa da doguwar ciyawar ruwa. Ruwan a kwance yake, baƙi, ba ya motsi.

Ya soka sandarsa ya juya. Kumfa ta taso, manya da ƙanana, suna fashewa da ɗan sauti.

"Ga su nan," ya ce, ya rage murya. "Muna yara tsofaffinmu cewa suke numfashin masu ruwa ne. Har gumba ake ajiye musu a bakin nan. Mu mun bar wannan, amma sallama ba ta ɓata komai." Ya yi sallama ga ruwan, ya yi bisimilla, ya naɗe wando ya shiga har gwiwa.

Na tsaya a baki ina gaya masa yadda Yaya ta ce. A nutsar da bidon gaba ɗaya, a tura lakar ciki da hannu a ƙarƙashin ruwa, a cika shi har baki, a rufe shi tun yana ƙasa. Da ya cika na farko sai ya yunƙura zai ɗago shi ya duba.

"Kada ka ɗago! Rufe shi a ciki!"

Wasu mata masu yankan zogale suka juyo. Ban san na yi ƙara haka ba.

"To, to, ranki ya daɗe," in ji Kaka, yana lalube murfin a cikin ruwa. "Jiya ba ta magana, yau ta zama kwamanda."

Ya fito laka har cinya, da wata matsattsaku a ƙwaurinsa, ya cire ta ya jefar ko a jikinsa. Shi ya ɗauki bido ɗaya a kafaɗa, ni na ɗora ɗaya a kai. A ƙofar gidanmu ya sauke nasa, ya ƙi shiga. Ya ce in gaida mutanen gidan, rana ta yi.

Baba ya kawo na mahauta washegari. Muka tace, muka ɗura ta tiyon ƙasa ba tare da an taɓa murfin ba, muka bar gas ɗin tumbi ya yi ta ratsawa har ya kore iskar da ke ciki. Da muka gama Baba ya miƙo mini kilen.

"Ajiye shi wurinki," ya ce, bai dube ni ba.

Daga nan sai jira. Mako na farko shida. Na biyu shida. Na uku ma shida, har na fara tunanin ko lakar banza muka ɗauko. Kaka ya aiko wani mai kabu-kabu ya tambaya ko sun haihu. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas yana watsewa, muka yi jarrabawar ƙarshen shekara. Ranar da aka yi ruwan farko sandar sirinjin ta tsaya tsakanin shida da bakwai, na sake gwadawa sau huɗu har soda ta ci mini yatsa. Bayan mako biyu ta kai bakwai da rabi. Ban gaya wa Yaya ba, ita ma ta daina tambaya, sai dai ta ce ya karatu.

Lahadin da ta kai takwas na roƙi Baba ya bar tada grup sai la'asar. Da aka miƙo mini wayar sai na zagaya baya, na yi wa Baba alama. Ya ja igiyar. Grup ya kama, ya yi tari ɗaya, ya daidaita.

"Mene ne wannan?" in ji Yaya. "Auta? Matso da wayar."

Na matsar. Ta saurara.

"Yana ɗan shaƙewa a ƙasa-ƙasa. Takwas?"

"Takwas."

"Kai!" Na ji ta tafa hannu, ko ta buga tebur. "Waɗannan ba nawa ba ne kuma, naki ne ke da angonki." Ta yi dariya, ta gaske wannan karon. Sai dariyar ta sauka. Ta ce dama akwai maganar da take ta juyawa, ta riga ta gaya wa Baba da Inna, ni ce ta kasa gaya wa. Malamanta sun ce ta zauna ta ci gaba da binciken. Shekara uku ne. Ba za ta samu zuwa wannan hutun ba, na baɗi ma ba ta sani ba tukuna.

Na ce to.

"Kada ki kashe," ta ce. "Bar shi haka in ji gida."

Na tsaya riƙe da wayar a sama, tsakanin grup da madafa. Inna na daka a tsakar gida, san Baba na jan igiyarsa, wani mai tallan gawayi ya wuce a waje yana kira. Hannuna ya gaji na sauya. Robobin taya suka yi ta lafewa a hankali, ta farko, ta biyu, har gas ɗin ya ƙare, grup ya yi shiru. Na mayar da wayar kunnena. Tana nan, ina jin numfashinta.